Taɓaryar Shekaru

Ranar da ruwan sama ya tsaya a kan garin Marken Sambo, ba ɗaukewa ya yi ba, tsayawa ya yi cak. Hadari ya haɗo daga gabas da hantsi, aka yi tsawa, mata suka ruga kwashe shanya, ruwa ya sako kamar da bakin ƙwarya. Da ya zo daidai tsayin kukar kasuwa sai ya ƙame. Ɗigo dubu bisa dubu, kowanne a rataye a inda yake yana ƙyalli, bai sauko ba, bai koma ba. Ni da nake ba ku labarin nan ina cikin waɗanda suka ɗaura gora uku don su zunguro shi. Da gorar ta kusa, sai ɗigon ya matsa gefe kamar mai ba babba hanya.

Aka fita roƙon ruwa sau uku. Gero kuwa ya riga ya ɗauki ciki, lokacin da ba ya son wasa da ruwa ko kaɗan. Ran kwana tara ganye ya fara nannaɗewa. Tsofaffin manoma suka zaga gonaki suka ce in aka ƙara kwana uku a haka, bana sai dai a ci kara. Zama ya gagari kowa. Mutum ya shiga ɗaki, ya fito, ya ɗaga kai, ya yi tsaki, ya koma, ya sake fitowa.

Tsohuwa ɗaya ce a garin ta san inda gizo ke saƙar, Gwaggo Tabawa. Ita ce ke kai ƙwaryar nono bakin kogon Dutsen Mai Hawaye kowace shekara kafin shuka, ta yi sallama, ta ajiye, ta dawo ba ta waiwaya ba. Tun kakanni dokar kogon ɗaya ce: ka sha ɗigonsa in ƙishi ya kama ka, amma ko tsakuwa kada ka fita da ita.

Gwaggo Tabawa tana da ɗiyar wa, Dakta Gwamma, wadda muke kira Ta-Kogo. A cikin kogon nan aka haife ta shekara talatin da takwas da suka wuce, shekarar da rijiyoyi suka ƙafe, mata suka koma tarar ɗigo da tulu. Uwarta ba ta fito da rai ba. Gwaggo ce ta fito da jaririyar a zani, ita ta raine ta, ita ta tsaya mata har ta yi karatu ta zama masaniyar shekarun duwatsu. Aikinta shi ne ta shiga kogo, ta yanko dutsen da ɗigon ruwa ya gina, ta karanta shi. Ta ce kowace damina tana barin zane ɗaya a jikinsa, damina mai albarka zane mai kauri, shekarar fari zane siriri kamar gashi. Ta ce akwai wani sinadari a cikinsa da ke juyewa a hankali kamar yadda madara ke zama nono, in inji ya auna wanda ya juye sai a san shekarun dutsen, a san irin saman da mutanen farko suka rayu a ƙarƙashinsa.

Ilimi kam Allah Ya ba ta. Haƙuri ne dai da aka zo rabonsa ta riga ta yi gaba. Ko tuwo a tsaye take ci. Wata guda kafin abin nan ta zo da injin huda dutse, ta shige kogon ba sallama, ta huda dandamalin farin dutsen da ke ƙarƙashin ɗigon, ta zaro guntu mai tsawon kamu ɗaya da kaurin taɓarya. Ta ja masa kibiya da maka, alƙalamin nan mai kauri, don ta san ina ne sama, ta jefa a mota ta koma birni. A ɗakin gwaji ta sa zarto ta yanke ɗan siririn faifai daga kowane baki, ta aika ƙasar waje a auna, aka ce sakamako sai bayan wata uku. Ruwan da ke sanyaya zarton kuwa ya wanke kibiyar tas. Ko ɗalibin shekarar farko ya san ana sake jan kibiya kafin a yanka, amma ita tana sauri. Ta juya dutsen nan, ta juya can, baki biyu iri ɗaya. Ta ɗaga kafaɗa ta ce sakamako zai faɗa.

Ran kwana taran nan Gwaggo ta kira ta a waya.

"Ke Ta-Kogo, me kika ɗauko a kogon nan?"

"Gwaggo, ɗan guntun dutse ne fa. Na aiki ne."

"Kin yi sallama?"

"Wa zan yi wa sallama, Gwaggo? Jemagu?"

"To madalla, Dakta. Ruwanmu na nan rataye a sama kwana tara. Ki zo ki karanta mana shi." Ta kashe wayarta.

Washegari da hantsi Gwamma ta iso. Ta fito daga mota ta ɗaga kai ta ga ruwan a rataye. Ba ta shiga gida ba, ko ruwa ba ta sha ba, ta saɓa jakar da dutsen ke ciki ta nufi tsauni. Gwaggo ta ɗaura ɗamara da gyale ta bi ta, tana haki tana mita. Abin da ya faru daga nan, Gwamma ce ta faɗa mini da bakinta.

A bakin kogon suka tarar da jemage mai girman jaki yana reto, kai a ƙasa. Ya buɗe ido ɗaya ya ce, "Ya ke 'yar Adam mai ƙafar gaggawa, yau ma wucewa za ki yi?"

Gwaggo ta dungure mata ƙeya. Gwamma ta durƙusa ta ce, "Salamu alaikum, masu gida."

"Sallamar da ta makara wata guda," in ji jemagen. "Ni ne Sarkin Jemagu, mai tsaron ƙofa. Ku shige, mai gidan ya gaji da jira, shi da bai taɓa gajiya da komai ba."

Suka yi ta gangarawa har hasken ƙofa ya ɓace, duwatsu suka kama haske da kansu, fari kamar alli. A tsakiyar wani zaure da ba a ganin rufinsa suka ga aljani a zaune. Gemunsa ya zama dutse ya haɗe da ƙasa, don haka ba ya iya tashi. A gabansa ga dandamalin, ga ramin da Gwamma ta huda, ga ɗigo ɗaya a rataye a bisa ramin, ya ƙi faɗawa.

Ya yi magana, muryarsa kamar ana jan turmi a kan falalen dutse. "Sunana Ɗigau. Tun kafin a san wuta nake zaune a nan ina karɓar daminar ƙasar nan, ɗigo bayan ɗigo, ina shimfiɗa ta. Ya ke 'yar Adam, kin zare mini taɓaryar shekaru. Damina ba ta sauka sai ta san inda za a ajiye ta. Ga ɗigon bana nan ya zo bai ga 'yan'uwansa ba, ya tsaya, na waje ma suka tsaya."

"Ranka ya daɗe, na yi kuskure. Ga shi na dawo da shi, bari in mayar yanzu-yanzu." Gwamma ta riga ta zaro dutsen ta nufi ramin.

"Dakata! Ina samansa?"

Ta juya dutsen nan, ta juya can. Ta leƙa ramin ko za ta gwada zane da zane, ta ga bangonsa fari fat, shekarun duk sun bi guntun.

Ɗigau ya ce, "Sau ɗaya ake sa shi, ya like har abada. In kika sa daidai, ruwa ya sauka. In kika kifa shi, ruwan da ke rataye, sama zai koma, haka na baɗi, haka na baɗin baɗaɗa. Ni ban isa in faɗa miki ba, hannun da ya yanke shi ke mayarwa. Kafin nan ma, masu shekarun da kika jijjiga a mota sun yi fushi. Su uku ne manyansu. Sai kowanne ya yafe dutsen zai shiga."

"Ina suke? Mu je!"

"Wannan tsohuwar fa?" in ji aljanin.

Gwaggo ta ce, "Ranka ya daɗe, in ban bi ta ba wani abin za ta sake yankowa."

Aljanin ya hura dutsen. Ya kumbura, ya miƙe, ya zama kamar ganuwa, ƙofa ta buɗe a cikinsa, iska ta zuƙe su.

Suka faɗo a wata ƙasa da samanta bai wuce kamu ɗaya daga ƙasa ba. Ba damar tsayuwa, ba damar zama, sai jan ciki. Rairayi ja mai zafi, ƙasusuwan dabbobi birjik. Gwamma ta gane nan take: waɗannan su ne siraran zanen, shekarun fari. Wani mahaluki siriri kamar zaren saƙa ya silalo gabansu, riƙe da ludayi.

"Ni ne Sirirau, uban fari na shekara ɗari bakwai. Abin da ke cikin ludayin nan shi ne duk ruwan da aka yi a zamanina. A ƙarshen ƙasata akwai ƙwayar tsamiya da ke jira. Ki kai mata. In kika sha, ko kika zubar, ku zauna tare da mu."

Ruwan bai fi cikin cokali ba. Gwamma ta cije ludayin a haƙora ta fara jan ciki. Ta ɗan yunƙura da ƙarfi, ruwan ya yi tangal-tangal ya kai baki.

"A hankali, ke!" in ji Gwaggo daga baya, ta damƙe mata idon sawu. "Sai na sake ki za ki matsa."

Haka suka yi. Gwaggo ta saki, Gwamma ta matsa taƙi ɗaya, Gwaggo ta riƙe. Maƙogwaronta ya bushe, ga sanyin ruwa a ƙarƙashin hancinta. Gwiwar hannunta ta saluɓe. Zuciyarta tana ta azalzalarta, tana tuna gero, tana jin kamar ta fasa ihu ta ruga, amma ina wurin gudun? Ta ce mini a rayuwarta ba ta taɓa shan azaba kamar ta tafiya a hankalin nan ba. Da suka kai, ta sunkuya ta tsiyaye ruwan a kan ƙwayar. Ƙwayar ta tsage ta fid da ganye biyu.

"Na yafe," in ji Sirirau, ƙasa ta buɗe suka zurma.

Wannan karon cikin ciyawa suka faɗa, ciyawa har wuya. Sama ya yi nisa, shuɗi, ga tafki ba a hango gaɓarsa. Raƙuman dawa suna kiwo, tsuntsaye sun rufe rana, mutane a cikin kwalekwale suna sukar kifi da mashin ƙashi. Gwamma ta kama baki. Wannan ita ce hamada lokacin tana kore, abin da ta yi shekara goma sha biyar tana nema a jikin zane. Ruwa ya dare, dorinar ruwa mai girman rumbu ta fito da farin fure a ka.

"Maraba da mai tambaya. Ni ce Uwar Tafki. Na ji an ce kina son sanin yaushe ruwana ya zo, yaushe ya tafi, ina mutanena suka nufa. Zauna a nan gefena. Zan juya miki shekarun ɗaya bayan ɗaya ki gani da idonki, ki rubuta. Ba wanda ya taɓa samun wannan, ba kuma wanda zai ƙara samu."

Kafin ta rufe baki Gwamma ta zaro littafi da biro. Ta zauna. Ita da ba ta iya zama, ta zauna daram! Tafkin ya fara ja da baya a gabanta, ya dawo, ya ja, hannunta yana gudu a kan takarda. Gwaggo ta yi magana ba ta ji ba. Ta sake yi, shiru. Sai ta kama kunnenta ta murɗa kamar tana 'yar shekara bakwai.

"Wayyo, Gwaggo! Shafi ɗaya kawai!"

"Shafi ɗaya ne za a tuƙa wa mutanen Marken Sambo su ci? Tashi!"

Gwamma ta dubi littafin, ta dubi tafkin. Hawaye ya zubo mata, na baƙin ciki tsantsa. Ta miƙe ta ce, "Ranki ya daɗe, ba kallo na zo ba. Gafara na zo nema."

"In haka ne, abin da kika rubuta nawa ne."

Ta wurga littafin cikin ruwa. Uwar Tafki ta haɗiye shi ta ce, "Na yafe. Amma ku yi sauri, kadojina ba su san yafiya ba." Ai kuwa ciyawa ta fara motsi ta ko'ina. Gwamma ta sungumi Gwaggo ta goya, ta zuba da gudu, kadoji suna karta haƙora a bayanta, ɗaya ma ya cafke takalminta ta bar masa. Ta hango bakin wani kogo ta faɗa ciki.

Kogon nasu ne, Dutsen Mai Hawaye, amma dandamalin ko tafin hannu bai kai kauri ba. Wuta tana ci da manyan itatuwa, ana gasa ƙashi. Mutanen da ke kewaye da ita gajeru ne masu faɗin ƙirji, goshinsu ya turo ya yi wa idanu rumfa, suna fasa dutse da dutse suna fid da kaifi. Ba su da tufa, ba su da tukunya. Wata tsohuwa a cikinsu ta tashi, ta tsoma hannu a jar ƙasa, ta manna a bango. Nan da nan ruwa ya fara bin shaidar hannun, farin ɓawon dutse ya soma rufe ta. Tsohuwar ta juyo. Bakinta bai motsa ba, amma suka ji maganarta.

"Ya ke jikar jikokin da ban ƙirga ba. An ce ke ce mai faɗin shekarun kowa. Ga hannuna. Shekaruna nawa? In kika faɗa daidai na yafe. In kika kuskure, wutar nan tana son ƙari."

Mazan suka ajiye duwatsunsu suka matso. Lissafi ya fara gudu a kan Gwamma. Dubu ɗari? Dubu ɗari biyu? A taron masana da tuni ta jefa lamba ta kare ta da baki. Ta buɗe baki, ta dubi idon tsohuwar, ta rufe.

"Kaka, ban sani ba," ta ce. "Ɓawon da ya rufe hannunki shi nake iya aunawa. Abin da zan iya rantsuwa a kai ɗaya ne, kin girme shi. Ko da yini ɗaya kika girme shi, ko da shekara dubu goma, wannan sai Allah."

Tsohuwar ta yi dariya, dariya irin ta kowace kaka. "Masu zuwa da yawa za su ba ni shekarun da ba nawa ba. Ke kin faɗa daidai. Na yafe. Faifan da kika yanke ta wajena ma na bar miki, babu sauran mai neman waɗannan shekarun." Ta shafa kan Gwamma da jan hannunta, hayaƙi ya turnuƙe.

Da hayaƙin ya washe suka gan su a gaban Ɗigau, dutsen ya koma girmansa yana gangarawa a ƙasa. Gwamma ta cafke shi.

"Kun daɗe," in ji aljanin. "A waje yau kwana goma sha biyu, la'asar ta yi. In rana ta faɗi geronku ya tafi."

Sarkin Jemagu ya shigo ya maƙale a rufi. "Ni zan taimake ki, 'yar Adam. Bakin da ke hannunki na hagu shi ne sama. Na rantse da fukafukaina."

Gwamma ta ɗaga dutsen za ta zura. Gwaggo ta riƙe mata hannu. "Ke, wanda tun da aka haife shi kansa ke ƙasa, shi za ki tambaya ina ne sama? Duba da kanki, ba aikinki ba ne?"

Ta durƙusa ta ƙura ido. Zanen farin shekara ɗari bakwai yana tsakiya, na tafki ma yana tsakiya, ba su raba gardama ba. Amma kusa da kowane baki akwai baƙin layi ɗaya, na hayaƙin wuta, iri ɗaya sak. Zufa ta karyo mata. Ta juya, ta sake juyawa. Sai ta yi abin da duk mai aikin dutse ke yi ba tare da tunani ba in yana son zane ya fito: ta lasa.

Bakin hagu ɗaci ne da ƙaurin itace da ƙonannen ƙashi. Ta tofar. Ta juya ta lasa na dama, sai ta tsaya. Ɗanɗanon nan ta san shi tun ba ta da wayo. Shi ne a miyar kuka, shi ne a tuwon da ta ƙi zama ta ci.

"Gwaggo, toka ce. Tokar karan gero, irin wadda kike tacewa ki sa a miya." Ta ɗago. "Mutanen can ba su san gero ba, itace suke ƙonawa. Wa ya hura wutar kara a nan?"

Gwaggo ta ce, "Ni ce. A gindin dandamalin nan naƙuda ta kama uwarki. Ba a iya ɗaga ta ba, kwana uku. Itace ya ƙare a garin, dangar gidanmu na sa aka tsinko mini. Kwana uku ina tura kara a wuta don kada sanyin dutse ya kama ki."

Gwamma ta juya bakin tokar sama, ta yi bisimilla, ta zura. Dutsen ya shige sumul har ƙasa. Amma bai cika ramin ba. Saura ɗan gurbi a sama, kaurin faifan da ta aika ƙasar waje. Ɗigon da ke rataye ya yi rawa, bai faɗo ba.

"Kin sa daidai," in ji Ɗigau. "Sai dai daga baƙin layin nan zuwa bana damina talatin da takwas ce, kuma kin yanke su kin aika inda ba za su dawo ba. Ba a ɗora shekara a kan wofi. Sai mai rai ya ɗora tafinsa a gurbin ya zuba shekarun da ya rayu, talatin da takwas cif. Ba zai mutu ba. Amma ko yini ɗaya daga cikinsu ba zai ƙara tunawa ba."

Gwamma ta ji kamar an watsa mata ruwan sanyi. Talatin da takwas su ne duk abin da take da shi. Za ta fita da jikin mace da kan jariri, ba karatu, ba magana, ba sunanta. Tsoro ya kama ta sosai, ba ta ɓoye mini ba. Amma ita ta yanke. Ta naɗe hannun riga, ta rufe ido, ta miƙa tafi.

Ba ta taɓa zaton tsohuwa tana da irin wannan ƙarfin ba. Gwaggo ta bangaje ta, ta yi gefe ta faɗi.

"Kullum ke ce a gaba! Yau dai na riga ki. Ni sittin da shida gare ni, in an ɗiba ina da saura. Ke in an ɗiba me ya rage? In sake goyonki da wannan bayan?"

"Gwaggo, don Allah! Laifina ne! Shekarun nan ai ni ce a cikinsu!"

"Na sani, 'yar nan. Shi ya sa za su yi kauri." Ta kifa tafinta a kan ramin.

Gurbin ya cika da farin dutse, zane a kan zane. Ɗigon ya faɗo, ɗis. Daga can waje suka ji ƙara kamar an saki garken shanu.

Mu da ke gari, ruwan kwana goma sha biyu ya sauko mana a lokaci ɗaya. Kaji suka sha wuya, katanga biyu suka faɗi, ba wanda ya damu. Maza da furfura suna tsalle a cikin taɓo. Ni na ruga wajen tsauni don na ga lokacin da suka hau, na same su a bakin kogo. Gwamma ƙafa ɗaya ba takalmi, da jar shaidar hannu a goshi. Gwaggo Tabawa kuwa tana ta waige-waige, tana leƙa bayan duwatsu, hankalinta a tashe. Ta dube ni ba ta san ni ba. Ta juya ga Gwamma ta ɗan rusuna.

"Baiwar Allah, don Allah ba ki ga wata jaririya ba? Yanzu na ajiye ta kusa da wuta. Uwarta ta rasu, ba ta da kowa sai ni."

Gwamma ta matso kusa da ita. Ruwa yana dukanta, ba a bambance shi da hawaye. Da ƙyar ta ce, "Na gan ta, Gwaggo. Tana nan lafiya. Ta ƙoshi, ba ta jin sanyi."

"Alhamdu lillahi. Kin tabbata? Ƙarama ce ƙwarai."

"Na tabbata. Zo mu je gida."

Ta kama hannunta suka fara gangarowa. Tsohuwar tana taka santsi a hankali, Gwamma tana jiranta a kowane taki, ba ta ja ta ba ko sau ɗaya.

Geron shekarar ya yi kyau, har rumbuna suka kasa. Bayan wata uku sakamako ya iso daga ƙasar waje, ya ce faifai na biyu shi ne sama, abin da harshe ya riga ya faɗa. Gwamma ta karanta ta ninke ta sa a ƙarƙashin tabarma. Ba ta koma birni da zama ba. In za ta shiga wani kogo don aiki, sai ta tsaya a ƙofa ta yi sallama, kuma dutsen da ya riga ya karye ya faɗi kaɗai take ɗauka. Kowace shekara kafin shuka ita ke kai ƙwaryar nono Dutsen Mai Hawaye, ta ɗan jima a gaban dandamalin, tafinta a kan zanen nan talatin da takwas, waɗanda suka fi duk na kusa da su kauri.

Gwaggo Tabawa tana nan da ranta. Ta saba da baƙuwar da ke kwana a gidanta, har tana yaba hankalinta. Kullum in ta sauke tuwo sai ta tambaye ta labarin jaririyar, Gwamma ta ce tana nan lafiya. Sai tsohuwar ta tura mata kwano ta ce, "To zauna ki ci, baiwar Allah." Gwamma kuwa ta zauna.